Wanda Ya Saki Faifai na Uku

Waƙa ta huɗu ta bayyana a intanet ranar Laraba da safe, har da tarin da Nanven ya yi a farkonta. Eli ya saurare ta a mota a kan titin Wendover, ransa ya ɓaci har ya wuce kwanarsa.

Shekara tara ke nan da su ukun suka haɗu a ɗakin kwanan ɗalibai a Greensboro: Eli da gita, Liyatu da murya, Nanven da ganguna. Suka kira kansu Tagar Baya, suna kiɗan rok ɗin nan na koke-koke da ake kira imo. A kicin aka naɗi faifansu na farko, na biyu kuwa ya kai su har Atlanta. Na ukun ne wani ƙaramin kamfani ya yarda zai fitar, da sharaɗin kada kowa ya ji shi kafin lokaci.

Don haka suka guje wa situdiyo. Eli ne mai kula da na'urorin sauti a cocinsu da ke titin Gate City, makulli na hannunsa. Mutum ne mai taƙama da cewa ya tsara komai yadda ba sai ya wahala ba: a kunna, a kashe, sauran aikin na na'ura ne. Duk Talata da rana sukan shiga su kulle ƙofa su naɗa.

Duk Laraba kuma sai ga waƙar a shafukan masoyansu.

Mutum uku ne a ɗakin, Eli kuwa ya san ba shi ba ne. Ya soma karɓe wayoyi a bakin ƙofa, waƙa ta sake fita. Sai ya tuna Nanven ya daɗe yana ƙorafin ba a sa sunansa cikin marubuta waƙoƙin. Daga nan ko atishawa Nanven ya yi, Eli sai ya ga wata alama.

Da kamfanin ya aiko da gargaɗi na ƙarshe, Eli ya kasa haƙura. A tsakiyar naɗi ya ajiye gita, ya zazzage wa abokinsa duk abin da ke cikinsa. Liyatu ta roƙe shi ya yi shiru, ya ƙi.

"Shekara tara, Eli," in ji Nanven. "Ni ɗin?"

Ya tattara sandunansa ya fita, Liyatu ta bi shi. Abin ya yi wa Eli ciwo ƙwarai, amma ya ce gara haka.

Ranar Lahadi yana naɗe wayoyin lasifika, sai Mama Bebi, dattijuwar da ciwon ƙafa ke yawan hana ta zuwa sujada, ta dafa shi.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Tun da ka haɗa na'urar nan tana tura komai shafin coci da kanta, ban rasa wa'azi ba. Waƙoƙinku na Talata ma jikokina ke rabawa. Amma na makon nan, wa kake ta kira ɓarawo?"