Mutumin da Ya Kai Kilo Ɗari da Huɗu

A bayan kwalaben zuma Ottmar Faller ya tsinci kwalin, can ƙuryar kabad ɗin matarsa, ranar da ya shiga neman abin lasawa. Yana ɗagawa ya san abin da ke ciki. Shekara talatin yana gyaran kekuna a garinmu, ko ido a rufe ya san nauyin shokazobar baya.

Sabuwa ce fil, irin mai sifirin ɗin ƙarfe, daga wani shago a birnin Freiburg. Wato ba ma daga shagonsa ba. Ya ciro abin awo daga aljihu: tsawo milimita ɗari biyu da talatin, lotsawa sittin da biyar, girman da rabin kekunan lantarkin kwarin nan ke ɗauka. Sifirin ɗin kuwa kauri gare shi kamar babban yatsa. A jikin takardar oda, da rubutun matarsa Irmgard, an sa nauyin mai hawa: kilo ɗari da huɗu.

Irmgard dai ba ta hawa keke. Aikinta a kasuwar shanu yake, inda take duban maraƙi sau ɗaya ta faɗi nauyinsa, dillalai su yi shiru.

To keken wa za a saka wa?

Ottmar ya fi kowa sanin nauyin mazan garinmu. A ƙofar shagonsa akwai tsohon sikelin dankali, kuma dokarsa ɗaya ce: ba ya taɓa shokazobar kowa sai mutum ya hau. Cewa yake keken lantarki da batir da inji ya riga ya yi nauyi, in ka ƙara masa ƙaryar mai shi, sifirin zai yi laushi, ka sauko daga dutse gindin keke yana dukan ƙarfe. Kana hawa zai faɗi lambar da ƙarfi, har masu jiran bas su ji. Ya kunyata fasto, ya kunyata ɗan sanda, ni ma ban tsira ba. Shi kam saba'in da takwas ne tun zamanin da yake tseren keke, duk gari ya sani don kullum sai ya faɗa. In nasa keken ya buga ƙasa a gangare, kamfanoni yake tsine wa, wai yanzu ba sa yin kaya masu aminci.

Ya mayar da kwalin, ya zauna yana bin maza ɗaya bayan ɗaya a ransa. Fasto casa'in da ɗaya. Ɗan sanda tamanin da bakwai. Sai ya zo kan Benno Ketterer mai gidan burodi, ya tsaya a nan. Ɗari da uku a kakar bara. Matar Benno ta rasu, firam ɗin kekensa daidai da wannan awon, kuma ba ranar da ba ya ƙara wa Irmgard burodi guda a jaka. Mutumin da ke kwana cikin fulawa, kilo ɗaya a lokacin sanyi ai ba komai ba ne.

Abin ya ci Ottmar ƙwarai. Saura mako guda ya cika shekara sittin da haihuwa, ga shi matar da ya aura shekara talatin da ɗaya da suka wuce tana saya wa wani ƙato kayan keke a ɓoye. Da ma turare ne ko agogo, da sauƙi. Amma shokazoba, a garin da mijinta ne mai shokazoba? Kwana uku yana cin abinci ba ya jin daɗinsa, ko da yake bai bar komai a faranti ba. Ranar Juma'a ya haɗa jaka ya ajiye a bayan shago. Sai da ya zauna kafin ya iya ɗaure takalmi, ya ce baƙin ciki ne.

Ranar Asabar da hantsi ya aika wa Benno cewa ya kawo keke a duba masa kyauta. Ya kira Irmgard wai ta riƙe masa wani abu. Da suka haɗu, sai ya dire kwalin a kan tebur.

Irmgard ta dubi kwalin, ta dubi mijinta. "Zuma ka je sata, ko?"

"Ba da ke nake ba tukuna." Ya nuna wa Benno sikeli. "Hau, ango."

"Angon wa kuma?" in ji Benno. Amma da yake ya saba da dokar shagon, ya cire hula ya hau.

Allurar sikeli ta yi rawa, ta tsaya a casa'in da shida.

"Likita ya raba ni da kek tun Janairu," in ji Benno, har da ɗan alfahari. "Yau fa ba ka faɗa da ƙarfi ba."

Ottmar ya ƙwanƙwasa gilashin sikelin. Ya sa Benno ya sauka ya sake hawa. Casa'in da shida.

"Kun taɓa min sikeli," ya ce. "Ku biyun nan kun haɗa baki."

"Ottmar, bar shi haka," in ji Irmgard a hankali. "Don mutuncinka nake faɗa."

Ina, ai ya riga ya hau dokin zuciya. Ya ture Benno gefe. "Yanzu zan kama ku. Kowa ya san nauyina a garin nan. In ya nuna ƙasa da saba'in da takwas, to an rage shi, ni kuma ga jakata can a shirye."

Irmgard ta naɗe hannu, ta dube shi daga sama har ƙasa, irin duban da take yi a wurin aiki.

Ottmar ya hau. Allura ta wuce saba'in da takwas ko gaisuwa babu, ta wuce fasto, ta wuce Benno, ta je ta tsaya cak a kan ɗari da huɗu.