Ranar da Baffa Ya Sa Aka Ɗaure Babana

Baffa, yayan babana, shi ne kwamishinan 'yan sanda a wani babban birni a kudu. Idan ya zo gida Sakajiki, har mai gari sai ya tako ya gaishe shi.

Wata la'asar ina zaune kusa da shi a zaure, ina shaƙar ƙanshin man takalminsa, Baba ya shigo da sanda a hannu. Shanu sun shiga gonar geronmu, shi kuma ya doki makiyayin har ya karya masa hannu. Yana ba da labari yana dariya.

"Yaya, wai sun tafi Kaura kai ƙara. Ba su san kana gari ba."

Baffa ya leƙa waje ya kira ɗan sandan da ke gadinsa.

"Kofur, sa mishi ankwa kamar kowa, ka kai shi Kaura."

Na zaci wasa ne, sai da na ji ƙarfen ya ce ƙyas. Bakin Baba ya tsaya a buɗe. "Yaya, ni?"

Baffa ya tuɓe babbar rigarsa ya yafa a kan hannuwan Baba don kada maƙwabta su gani, ya riƙe shi har mota.

Da Baffa ya rasu, kowa yabon adalcinsa yake yi, kuma ban musa ba. Amma ubana ne aka ɗaure a gabana, har yau kuwa ko kwaɗo aka datse sai gabana ya faɗi.