Bel ɗin da Zorka ta saki

Zorka na rungume da burodin biki a cinyarta, ta miƙa hannu za ta jawo bel ɗin mota. Ranar slava ce, bikin waliyyin gidansu, kuma yayanta Radoje ne ya zo har garin Valjevo ya ɗauke ta zuwa ƙauye.

"Mene ne haka, Malama?" in ji Radoje, yana kallon ta a kaikaice. "A motata? Tun kina rarrafe nake tuƙi. In ba ki yarda da ni ba, sauka ki hau bas."

"Haba Yaya, sabo ne kawai."

"Ki bar sabon a aji. Nan babu allo."

A yankinsu, ɗaura bel a gaban direba tamkar ce masa ne bai iya ba. Zorka kuwa malamar fiziks ce a sakandare. Ita ce ke gaya wa ɗalibai cewa in mota ta tsaya cak, jikin da ke cikinta ba ya tsayawa sai ya sami abin da ya tare shi, kuma in gudu ya ninka biyu, ƙarfin bugun ninkawa yake huɗu. Ta san wannan kamar yunwar cikinta. Amma kunyar yaya ta rinjayi sani, ta saki bel ɗin.

Gogan naka, don ya gwada mata gwaninta, sai ya ƙara wuta. A kwanar gangaren ƙauye suka yi kiciɓis da tarakta shaƙe da itace. Ya taka birki, amma ina. Jakar iskar sitiyari ta tare shi, ya fita da ƙwarzane a goshi. Ita kuwa gilashin gaba ne ya tare ta.

A asibiti likita ya ce ƙashin bayanta ya karye, ƙafafunta ba za su sake ɗaukar ta ba. Ta haɗiye maganar, ba ta ɗora wa kowa laifi ba. Can sai ta jiyo muryar Radoje a bakin ƙofa, yana yi wa ɗan sanda bayani.

"Yallaɓai, sai da na ce ta ɗaura, ta ƙi. Ka san masu ilimi, ba a gaya musu su ji."

Zorka ta juya fuskarta bango, hawaye na zuba. Wannan ƙaryar ta fi mata karayar ƙashin ciwo.

Mai karatu, kada kunyar direba ta sa ka saki bel, ko da ɗan'uwanka ne na jini. Wanda ya hana ka ɗaurawa ba zai raba ciwon da kai ba, laifin ma kai zai bar wa.