Tabon Uwani

Tun da aka fara jefa ƙuri'a ana raɗa wa kowane sabon tabo na jikin rana sunan mutum, sau ɗaya sunana ya fito. Tabon nawa kwana biyu ya yi ya ɓace, ko rediyo bai kashe ba.

Yau da hantsi na je yi wa ƙanwata Uwani barka. Mata sun cika tsakar gida, suna leƙen sama da baƙin gilashi.

"Yaya Delu, zo ki ga nawa," in ji ta. "An ce duniyarmu goma za su shige cikinsa."

Na ce, "Ai tun daga gida na san da shi. Kwana uku ke nan ya ɗauke mana wuta, kifina duk ya ruɓe."

Ta rufe baki tana dariya. "Yi haƙuri, Yaya. Wai har a Jidda cewa ake Uwani ta hana jirage tashi."

Har a Jidda. Yarinyar da na goya.

Na karɓi gilashin na duba. Ga shi baƙi ƙirin, ya fi jiya girma. Ni kuwa a raina na ce, Allah ya sa nawa na gaba ya ninka shi.