Koren Cokali

Tun da aka raba cokalin hukuma, ba a tambayar uwa lafiyar ɗanta. Cokalin ake dubawa. In yaro ya haɗiye rabonsa, sai cokalin ya kawo koriyar wuta.

Da hantsi Tasalla ta kai ɗanta Mudi ɗakin koyon ci. Da ƙyar ya shanye kunun, baki a buɗe, yana ta gyangyaɗi.

“Malama, barcinsa ke ba ni tsoro,” in ji Tasalla. “Sai ya yi ta minshari, can kuma ya yi shiru, ƙirjin ya tsaya.”

Malama Uwani, mai koya wa yaran ci, ta nuna mata cokalin. “Kore ne, Maman Mudi.” Sai ta rage murya. “In na ambaci numfashi, Gidan Iska za a kai shi, inda ake tsare masu ciwon numfashi. Can ba a barin uwa ta shiga.”

Tasalla ta goya shi, ta ƙi hawa mota, don ƙarar inji na hana ta jin numfashinsa. A hanya barci ya kwashe shi, tana jin minsharin a gadon bayanta.

Tana tsallaka titi minsharin ya ɗauke. Ta tsaya cak a tsakiya, motoci na ta danna mata hon, ita kuwa tana jira.