Rigar Sabon Dagaci

Da jakadan Sarkin Katsina ya kwance ƙunshin rigar sarauta a ƙofar gidan marigayi dagacin Zakka, maroƙa suka matso kusa.

Kwana bakwai ke nan jakadan yana zaune a gindin tsamiya, magidanta na zuwa ɗaya bayan ɗaya suna raɗa masa wanda suke so ya gaji sarautar: ƙanen marigayi, gajere mai tumbi, ko ɗan marigayin, dogo kamar gwangwala. Gajeren ya yi alkawarin gyara ganuwa kafin mahara su dawo daga Maraɗi. Dogon ya ce rijiya zai haƙa. Da shanun dogon suka cinye geron mutanen ƙauyen Yasore, maroƙinsa ya zaga gari yana shelar cewa taki aka kai wa talakawa kyauta. 'Yan'uwa suka daina gaisawa, har aure biyu aka fasa.

"Bakinku muka bi," in ji jakada, ya zura wa dogon rigar. Ta zauna masa cif-cif, daga kafaɗa har idon sawu. Guɗa ta tashi.

Wani tsohon maɗinki ya matso don yin mubaya'a, ya shafa aikin wuyan rigar da yatsa, ya koma gefe.

"Baba, ba ka murna?" in ji maƙwabcinsa. "Ai shi ka zaɓa."

"Shi na zaɓa," in ji tsohon. "Amma wannan aikin allura, ko mutum biyu suka taru a kansa, sai ya ci wata huɗu."

Ya naɗe tabarmarsa ya tafi. Jiya-jiya aka yi sadakar arba'in ɗin marigayi.