Sicuweshan Ɗin Ƙanin Manomi

Ka tambaye ni ma'anar sicuweshan, wannan kalmar Turanci da 'yan boko ba sa rabuwa da ita, to gyara zama. An yi wani manomi da damina ta yi wa kyau, har rumbunsa ya cika ya tumbatsa. Ran nan ƙaninsa mai aikin masaƙa a birni ya zo masa kwana biyu, sanye da shadda mai guga. Da manomi ya tambaye shi iyali da aiki, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, sicuweshan ne kawai." Manomi ya gyaɗa kai kamar ya gane, alhali ko alama. Ya riga ya ware masa buhun gero, sai ga shi ya rasa ta cewa. In ƙanin cikin wadata yake, a ɗora masa hatsi a mota kamar mai neman taimako ai cin fuska ne. In kuwa babu ce ta koro shi, barinsa ya koma hannu rabbana ya fi muni. Kunya ta hana shi sake tambaya, kar a ce babban wa bai waye ba. Ya zagaya wurin malamin firamare, malam ya ce ma'anarta halin da mutum ke ciki. Mai daɗi ko marar daɗi? Malam ya ce duka biyun. Mai kemis ya ce shi a bakin marasa lafiya yake jin ta. Direban motar kasuwa ya rantse masu kuɗi ne suka fi faɗinta, musamman in ba sa son a roƙe su. Bawan Allah ya dawo gida kansa ya fi na da ɗaurewa, yana ta saƙe-saƙe, wai wace irin magana ce mai lafiya da majinyaci duk suke shiga cikinta?

A ƙarshe ya dubi gugar shadda ya bi zancen direba, ya sallami ƙaninsa da ƙwan zabi goma da gaisuwa. Sai bayan wata biyu wani ɗan garinsu ya kawo labari: an rufe masaƙa tun bara, shaddar ma ta aro ce, matar ƙanin ta kwashe yara ta koma gidansu saboda tukunya ta daina hawa murhu. Manomi ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya aika buhu uku a ranar, aka dawo masa da su ko ɗaurin ba a kwance ba, tare da saƙo: "Na faɗa wa Yaya halina baki da baki, ya ba ni ƙwai."

To ka ji. Malam bai yi ƙarya ba, mai kemis da direba ma haka. Amma mutum uku ya tambaya, ya tsallake wanda ke zaune a kan tabarmarsa. Shi ya sa Bahaushe ya ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.